Fatihu Mai Inabi

Gonata da ta Fatihu kanal ɗaya ke ba su ruwa, a bayan garinmu da ke tsakanin Kura da Kadawa. Tare muka tashi, tare muka koyi ban ruwa a hannun iyayenmu. Sunana Lukmanu. Abin da zan faɗa a kansa, wani na gani da idona, wani kuwa shi ya ba ni guntu-guntu cikin shekaru, idan muna zaune a bakin kanal muna jiran ruwa ya iso.

Ya bar gida a ranin 1996. A shekarar tumatir ya yi kwantai, har manoma suka riƙa juye shi a bakin titi a Kwanar Gafan suna komawa gida da kwandunansu, don kwandon ya fi abin da ke cikinsa daraja. Fatihu ya juye nasa, ya dawo ya sayar da injin ban ruwansa. Ya bar gona a hannun yayansa Iliyasu, ya bar mahaifiyarsu Iya, da matarsa Saliha da jaririyarsu Ummulkhairi, tana wata biyar. Ya bi ta Agadas ya shiga Libiya, ya yi shekara huɗu yana leburancin gini. A shekara ta 2000 ya shiga kwale-kwale ya ƙetara zuwa Italiya.

Labarin teku bai taɓa ba ni ba. Sau ɗaya na tambaye shi, ya ce, “Mun shiga mu sittin da wani abu. Mun fita.” Bai ce su nawa suka fita ba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Inda ya sauka tsibiri ne, Sisili. Ba shi da takardu, ba ya jin yaren. Wani mutumin Tunusiya ya kai shi wajen wani tsoho mai suna Salbatore, mai gonar inabi da ba ta wuce eka goma ba. Lokacin girbi ne. Aka ba shi almakashi da bokiti, aka nuna masa layi. Ya ce a makon farko bai san inda ake kai inabin ba, yana ganin kasuwa ake kai shi kamar lemo. Sai ran da tsohon ya ɗauke shi a tarakta suka je wani katafaren gini na ƙungiyar manoma, ya ga ana juye inabin cikin rami, inji yana markaɗe shi, ga tankunan ƙarfe sun fi hasumiyar masallacinmu tsawo. Warin wurin ne ya fara gaya masa. Giya ake yi.

“To me ka yi?” na tambaye shi.

“Na koma gona. Da saura layi goma sha ɗaya.”

Girbi huɗu ya yi wa Salbatore. Sauran leburori da an gama girbi sai su wuce neman aikin zaitun ko lemo, shi kuwa tsohon ya riƙe shi, don ya lura hannunsa ya san itace. Ya koya masa datse rassa a lokacin sanyi, da ɗaure su a jikin waya, da haɗa auren reshe da gindi. Yana kwana a ɗakin ajiyar taki, yana salla a tsakanin layuka. Duk ƙarshen girbi tsohon zai miƙo masa kofin giya, shi kuma ya girgiza kai, tsohon ya yi dariya ya shanye. Fatihu ya ce ko a harshe bai taɓa ɗanɗana ta ba, kuma na yarda da shi.

Salbatore mutum ne mai surutu. 'Ya'yansa duk sun tafi birni, matarsa ta gaji da jin labaransa, sai ya samu Fatihu. Ya ba shi labarin yadda Larabawa suka taɓa mulkin tsibirin shekaru aru-aru da suka wuce. Ya nuna masa wani farin inabi ya ce sunansa zibibbo, Fatihu ya ce ai mu ma a gida busasshen inabi zabibi muke ce masa. Tsohon ya yini yana maimaita kalmar yana murna. Ya ba shi labarin fataken Ingila da suka zo da jiragen ruwa tun zamanin kakannin kakanninsa, suka saye giyar yankin da araha, suka ƙara mata ƙarfi don kada ta lalace a hanya, suka kai ƙasarsu suka yi arziki. Manyan gidajen da ke bakin teku nasu ne. Waɗanda suka noma inabin ba su bar ko rumfa ba. Ya kuma ce akwai lokacin da wani ƙwaro ya zo daga Amurka ya cinye saiwar inabin Turai kusan duka, har sai da aka ɗauko gindi daga can Amurkan aka haɗa masa aure da na gida, sannan noman ya tashi.

Amma abin da tsohon ya fi magana a kai shi ne farashi. Kowace shekara abin da ƙungiya ke biyan manomi raguwa yake yi. Matasansu sun rage sha, ga giyar Ostareliya da ta Chile da ta Afirka ta Kudu ta cika kantuna. Tasu kuwa a tankoki ake ɗibanta, a kai arewa ko Faransa, a gauraya da wata, a zuba a kwalba mai kyakkyawar takarda. Wadda ta yi kwantai gwamnati ta saya a dafe ta a mayar da ita sinadarin masana'antu. Wata rana a cikin gari tsohon ya tsayar da Fatihu gaban gilashin wani kanti, ya nuna masa kwalba ɗaya da ta kai ladansa na mako biyu. Ya ce watakila akwai guminsu a ciki, watakila babu, ba mai iya sani.

Fatihu ya ce mini, “Na tsaya ina kallo, sai na tuna gwangwanin tumatir na waje da ake sayarwa a kasuwar Kura, alhali namu yana ruɓewa a bakin titi. Na ce ashe ko'ina haka ne.”

Bayan girbi na biyu ya fara aiko da kuɗi ta hannun wani ɗan Kano mai zuwa sarin takalma. Tare da kuɗin farko ya haɗo kaset da hoto. Wannan ina wurin. Aka kunna rediyo a tsakar gidan Iya bayan la'asar, maƙwabta suka cika. Ya gaishe da kowa da sunansa, har da akuyar Iya mai karyayyen ƙaho. Ya ce yana lafiya, yana noma. Sannan cikin rashin tunanin komai ya ce inabi suke nomawa, ana kai shi kamfani a matse a yi abin shan mutanen ƙasar. A hoton kuwa ga shi tsaye da hular sanyi, bayansa tankuna.

Lokacin ana tsakiyar zancen Shari'a a Kano, ko'ina wa'azi ake yi. Iliyasu mutum ne mai riƙon addini, kuma ba munafuki ba ne, wannan zan shaide shi. Ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Ya ce, “Iya, kin ji abin da na ji?”

Iya ta ce, “Na ji ya ce yana lafiya.”

“Giya ce, Iya. Abin da yake nomawa giya ake yi da shi.”

Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Washegari Iliyasu ya je ya yi tambaya wajen malamai, ya dawo ya ce ba za a ci kuɗin nan a gidan ba. Ya sa su a gwangwanin madara ya kulle a akwatinsa. Duk kuɗin da suka ƙara zuwa nan suke shiga. Ya aika wa ƙanensa saƙo cewa ya bar aikin, amma ɗan takalman ya ji nauyin faɗa, bai isar ba. Fatihu ya ci gaba da aikowa, yana zaton an gyara wa Iya ɗaki, an sa Ummu a makaranta. Iliyasu shi ya ci gaba da ciyar da gidan duka daga gonarsa, da wahala, bai taɓa yi musu gori ba. Iya ta rasu a damunar 2003, bayan jinyar wata biyu.

A farkon 2004 'yan sanda suka tare Fatihu a tashar mota, suka nemi takardu. Ya yi kwana arba'in a tsare, aka sa shi a jirgi zuwa Legas. Ko sallama bai yi da tsohon ba. Ya iso garinmu ranar wata Talata da hantsi, da jaka ɗaya. Ni na fara ganinsa, ina wanke ƙafa a kanal. Ya ce, “Lukmanu, sannu da aiki,” kamar jiya muka rabu. Ni na gaya masa rasuwar Iya, a tsaye a bakin hanya, don kada ya shiga gida yana kiranta. Ya ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe?” Na gaya masa. Ya gyara jakar a kafaɗa muka ci gaba da tafiya.

Bayan an gama gaishe-gaishe Iliyasu ya kira shi zaure, ya ce ni ma in zauna in zama shaida. Ya ajiye gwangwanin a gabansa.

“Ga kayanka. Ba a taɓa ko sisi ba.”

Fatihu ya buɗe ya duba, ya rufe. “Yaya, da me aka yi jinyar Iya?”

“Da abin da Allah ya hore mini. Ba ta rasa magani ba.”

“Ta san na aiko?”

“Ta sani. Ta kuma san dalilin da ya sa aka ajiye.”

Na zaci za a yi rigima, har na gyara zama. Fatihu ya ce, “To. Allah ya saka da alheri.” Ya ɗauki gwangwanin ya shiga cikin gida.

Ummulkhairi tana shekara takwas lokacin. Ta ɓuya bayan uwarta, ta yi mako tana ce masa baƙo. Saliha ta gaya wa matata cewa mutumin da ya dawo ba ya faɗa, ba ya dariya, in an ba shi abinci ya ci, in an manta ba zai tambaya ba. Ta ce ta gaya masa cewa idan Iliyasu ya tafi gona takan kunna wa Iya kaset ɗin a ɗaki, Iya ta sa a tsayar daidai inda ya gama gaisuwa, a mayar baya. Ta zaci zai yi kuka. Ya saurara har ta gama, ya ce, “Batir fa, ina kike samu?”

Gwangwanin ya yi wata shida a ƙarƙashin gado. Daga baya ya je wajen Malam Amiru, limamin unguwarmu. Malam ya ce masa ya fitar da kuɗin a yi wa jama'a wani aiki, kada ya sa ran lada, ya yi ta istigfari. Da kuɗin aka gina ban-ɗaki mai ƙofa uku a bayan kasuwar garinmu. Ran da aka gama ya je ya duba, ya buɗe ƙofofin ya rufe, ya ce wa magini ta tsakiya ba ta kamawa sosai.

A gari kuwa suna ya riga ya bi shi. A bayan idonsa Fatihu mai giya ake ce masa. Wasu ba sa son ya shiga sahun gaba. Ya sani, sai ya riƙa tsayawa a baya tun kafin a nuna masa.

Ya karɓi gonarsa ya yi tumatir shekara ɗaya. A 2005 ya hau mota ya tafi wajen Zariya, inda ya ji wasu na gwada noman inabi, ya dawo da damin yankakkun rassa a cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya ware kashi ɗaya cikin uku na gonar, ya kafa turaku, ya ja waya. Gindi tamanin ya dasa. Mutane suka ce to, abin da ake faɗa ya tabbata, kamfanin giya zai kafa mana. Iliyasu ya zo har gona.

“Fatihu, me kake nema da mu?”

“Inabin ci ne, Yaya. Irin wanda ake kai wa marar lafiya a asibiti.”

“Duk amfanin gonar duniya ka rasa sai wannan?”

“Shi na iya.”

Kuma gaskiya ya iya. Ban taɓa ganin mutum yana aiki kamar yadda yake yi a cikin inabin nan ba. Ba sauri, ba tsayawa. Zai kama reshe ya dube shi, ya ƙirga idanunsa da babban yatsa, ya datse. Ya gane cewa a ƙasarmu itacen ba ya samun sanyin da zai sa shi barci, sai ya riƙa hana shi ruwa na wasu makonni, ya zage ganyen da hannu, sannan ya sake masa ruwa. Na ce masa wa ya koya maka wannan, ai can ba haka suke yi ba. Ya ce gwadawa ya yi.

'Ya'yan farko sun fito a ranin 2007, curi-curi, baƙaƙe. Suna fara nuna tsuntsaye suka gano su. Wata safiya ina cikin albasata na ji ihu, na ɗaga kai na ga Fatihu yana gudu tsakanin layuka yana kaɗa riga, yana zagin tsuntsaye da yaren Italiya, muryarsa har ta dishe. Tun da ya dawo ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Saliha da ta kawo masa koko ta tsaya da kwano a hannu tana kallonsa. Da tsuntsayen suka tashi ya tsaya yana haki, ya dube mu, ya mayar da rigarsa. A ranar ya bi gida-gida yana sayen tsofaffin gidan sauro, ya lulluɓe gonar da su.

Labari ya kai nesa. Ana saura mako a yi girbi wani mutum ya zo daga Jos da farar mota. Ya ce yana da ƙaramin kamfani, yana sarrafa 'ya'yan itace. Ya ɗanɗana, ya ce zai saye inabin gonar duka a tsaye, ya faɗi farashin da ya ninka abin da tumatir zai ba Fatihu a shekara biyu. Ni da Iliyasu muna wurin.

Fatihu ya ce, “Me za ka yi da shi?”

Mutumin ya ɗan yi murmushi ya ce abin sha.

“Wannan ba na matsa ba ne. Ruwa ya yi masa yawa, zaƙin bai kai ba. Wata uku zai yi tsami.”

Mutumin ya yi mamaki, ya ce zai ƙara sukari. Suka shiga magana kan tankuna da zafi da yawan kwanakin da ake barinsa, Fatihu yana gyara masa kurakurai ɗaya bayan ɗaya, da murya kamar mai karanta takarda. Fuskar Iliyasu ta yi baƙi. Da suka gama mutumin ya ce to, a yi ciniki.

Fatihu ya ce, “Ba na sayarwa ba ne.”

Ya ƙara kuɗi. Fatihu ya ce a'a, ya raka shi har mota. Da motar ta tafi Iliyasu ya kama hannun ƙanensa da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, “Allah ya yi maka albarka. Ka yafe mini in na ƙuntata maka.” Fatihu ya ce, “Ba komai, Yaya,” ya zare hannunsa ya koma gyara gidan sauron da iska ta ɗage. Daga baya na tambaye shi ko don tsoron Allah ya ƙi, ko don Iliyasu. Ya ce, “Ban san inda zan kai kuɗin ba. Ban-ɗaki ɗaya ya ishi kasuwa.”

Na raka shi 'Yan Lemo a Kano da kayan. Muka tarar a makon an sauke inabin Afirka ta Kudu, a cikin kwali, kowane curi da ledarsa, ba ƙwallo a ciki. Dillalai suka ɗaga na Fatihu suka ce mai ƙwallo ne, kuma ba ya jure kwana. Suka taya da abin da bai kai rabin tayin mutumin Jos ba. Raina ya ɓaci na fara ɗaga murya. Shi kuwa ya ɗauki kwalin wajen yana juyawa, yana duba yadda aka huda shi don iska. Ya ce mini, “A jirgi mai sanyi ake kawo shi. Gonarsu ɗaya ta kai daga nan zuwa Bunkure.” Ya sallama, muka hau mota. Abin da ya rage a gona Saliha ta raba wa maƙwabta, har gidajen da ke kiransa da wancan sunan. Daga lokacin aka koma ce masa mai inabi.

Shekara ta biyu ta fi kyau, don masu tallan bakin asibiti sun san shi, suna zuwa har gona. A ta uku aka rufe babban kanal na mako bakwai don yashe ciyawar kachala da ta toshe shi, daidai lokacin da inabin ke fure. Ba shi da inji. Ya yi ta jido da jarka daga wata rijiya har kafaɗarsa ta kumbura, amma furen ya zube, gindi sama da hamsin suka bushe. Ya sa gatari ya sare su da kansa a yini biyu, ya tara itacen ya kai wa Saliha ta yi girki. Ya mayar da wurin albasa.

Wani Alhaji daga Kano, mai babbar gona da rijiyar burtsatse a hanyar Bunkure, ya ji labarinsa ya ɗauke shi ya kula masa da inabi eka biyar. Kullum da safe yakan hau babur ya tafi, ya dawo bayan la'asar ya duba albasarsa. Albashin ba laifi. Saliha ta ƙara haihuwa, namiji.

A ƙarshen 2009 Ummulkhairi ta ci jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata. Shi ya kai ta a babur, akwatinta ɗaure a baya, bokiti a hannunta. Da yamma ya same ni a bakin kanal ya zauna. Na ce yaya aka rabu.

Ya ce, “Ta riƙe mini riga a bakin ƙofa tana kuka. Tana cewa Baba kada ka daɗe ba ka zo ba.”

“Kai fa?”

“Na ce mata to. Ina ta kallon tayar baya, na ga kamar iska ta ragu.” Ya ɗebi ruwa ya wanke fuska. “Na tsaya a Kura an ƙara mini. Gobe ruwan na waye, naka ko nawa?”

Na ce nasa ne. Ya ce to zai fito da wuri, kafin ya wuce wajen aiki.